Maɓalli ɗaya, huji huɗu: yadda aka sha fama da bangon wani littafin bincike na matasa

Asalin maganar

Marubuciyar nan ba zan kama sunanta ba, haka ma sunan littafin, don da wannan sharaɗin ta yarda in rubuta. Ni na tace mata rubutun, shi ya sa duk abin da aka yi a kan bangon a kan idona aka yi shi, wani wurin ma da hannuna a ciki.

Littafinta na farko ne, labarin bincike, irin wanda ake ja wa mai karatu rai ana ɓoye masa gaskiya har sai an zo shafukan ƙarshe, kuma don matasa ta rubuta shi, 'yan shekara 12 zuwa 18 ɗin nan da masu buga littattafai ke ware musu rukuninsu daban. Tunda ban faɗi sunansa ba bari in fasa ƙwan kawai, in ba haka ba ba za a gane inda aka yi ta tuntuɓe ba. 'Yanmata huɗu ne ƙawaye a makarantar kwana, dare ɗaya aka wayi gari babu ɗaya, kuma ɗaya daga cikin ukun da suka rage ce ke ba da labarin da bakinta, tana ta bin diddigi. A ƙarshe sai ta gano abu biyu. Na farko, matar da ke kula da ɗakin kwanansu ce ta buɗe ƙofa da makullinta. Na biyu, wanda ya fi ciwo, ba sace yarinyar aka yi ba, su uku ne suka shirya guduwar tare, ita mai ba da labarin ce kaɗai aka ware ba a gaya mata ba.

Girman littafin inci 5.5 ne a faɗi, 8.5 a tsawo, shafi 264 a lokacin, babi 30, za a buga na takarda kuma a sayar da na karantawa a waya. Abin da ta ce tun farko shi ne ita fa bata son hoton yarinya ta dafe kai tana kuka, alama take so, wani abu guda da zai tsaya a madadin labarin gaba ɗaya. Mako 6 ta ware wa aikin. Mako 12 aka ci.

Mako na 1 da na 2: bangon da aka lafta wa kaya

Ta samu wani matashi mai dizayin, hannunsa ya faɗa sosai a manhajar gyaran hoto ta Photoshop, amma bai karanta littafin ba kuma ba ta ba shi ba, wai kar labarin ya fita kafin lokaci. Sai ta rubuta masa jerin abubuwa takwas ta tura: ƙofar makaranta, wata, inuwar yarinya, tocila, yagaggiyar wasiƙa, agogo, sawun ƙafa, da madubin nan na ƙara girman rubutu da ake zana wa 'yan bincike. Ta ce kowanne alama ne. Shi kuma bawan Allah bai yi musu ba, ya zuba su duka a kan shuɗi mai duhu, ya sa hazo, ya rubuta sunan littafin da wasu haruffa masu ɗiga kamar jini.

A fuskar kwamfuta gaskiya ya ɗau ido. Matsalar ta fito ne da muka rage shi. Amazon misali suna ba da shawarar a ɗora bango mai fiksel (ƙananan ɗigon da ke haɗuwa su yi hoto) 2560 a tsawo da 1600 a faɗi, amma mai saye ba haka yake fara ganinsa ba, a jere yake ganinsa da wasu littattafan a waya, kowanne bai fi girman kan sarki ba, yana wucewa da yatsa. Da muka mayar da shi wannan girman sai komai ya cuɗe ya zama wani dunƙulen shuɗi, wata ya koma ɗigo, sunan littafin kuwa ko ni da na san shi sai da na ƙanƙance ido.

Daga nan muka haɗa matasa tara, 'yan 13 zuwa 17, waɗanda ba su san komai a kan labarin ba. Ana nuna wa mutum daƙiƙa biyar a kife wayar, sai a yi masa tambaya uku: wane irin labari ne wannan, me ka gani, za ka buɗe? Yawancinsu suka ce labarin aljanu ne. Ba wanda ya iya maimaita sunan littafin. Abin da kowa ya ce ya gani daban da na ɗan'uwansa, wannan ya ce agogo, wancan ya ce fatalwa. Wata yarinya ce ta tambaya ko mai madubin shi ne jarumin, to a nan ne marubuciyar ta yi shiru, don a duk shafi 264 ɗin babu madubin ƙara girma ko ɗaya, babu sawun ƙafa kuma. Ta sa su ne kawai don haka take gani a bangon irin waɗannan littattafan.

Mako na 3: manhajar zana hoto

Wannan ita kaɗai ta yi kayanta ba ta gaya wa kowa ba sai daga baya. Ta shiga ɗaya daga manhajojin AI ɗin nan da ake rubuta musu bayani su zano hoto, ta kwana tana fitarwa. Wasu yarinyar yatsa shida gare ta, wasu makarantar ta koma fadar sarakunan da, rubutun jikin allo kuwa wasu haruffa ne da babu su a kowane yare. Ta dai tsinci guda uku masu kyau ta turo.

Hotunan fiksel 1024 ne kowane gefe, kuma madaba'a ɗigo 300 take so a kowane inci, in ka raba ka ga inci 3.4 ke nan, ko rabin tsawon littafin bai kai ba. Ana iya buɗa shi da wata manhajar, amma ga wata maganar, ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya bayyana tun 2023 cewa hoton da na'ura ce zalla ta samar ba shi da kariyar haƙƙin mallaka a can, kuma a shekarar ne Amazon KDP, sashensu na masu buga littafi da kansu, suka fara tambayar mai ɗora littafi ko akwai abin da AI ya samar a ciki. Ba waɗannan ne suka kashe maganar ba ma. Jera hotunan muka yi kusa da bangon wasu littattafan matasa da ke kasuwa, sai ga shi duk uwa ɗaya uba ɗaya, yarinya ta juya baya tana kallon wani gini cikin hazo. Kwana biyar aka bar zancen.

Mako na 4 da na 5: makullai

Mai dizayin ne ya ce, "Malama, don Allah ko taƙaitawa ce ki ba ni, ina aiki ne ido rufe." Ta rubuta masa shafi biyu har da ƙarshen labarin. Bayan kwana huɗu ya dawo da abin da ya sa dukkanmu muka yi tsit. Tarin makullai ne a zobe ɗaya an rataye a ƙusa, haske ya bugo su ta gefe, inuwarsu a jikin garu ta zama siffar yarinya tana tafiya, gashinta haƙoran makullan ne. Dabarar tsohuwa ce, irin ta hoton kofin nan da Edgar Rubin, masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Denmak, ya yi amfani da shi a 1915, wanda in ka kalli tsakiya kofi ne, in ka kalli gefe fuska biyu ce suna kallon juna. Ido na son irin wannan wasan, ya ga abu ɗaya sannan ya farga da na biyu.

A gwajin daƙiƙa biyar ya wuce sumul. An rage shi girman kan sarki bai ɓace ba, matasan suka ce labarin wani ne da aka kulle ko ya gudu, kusan duka suka ce za su buɗe. Marubuciyar har ta fara shirin sanarwa.

Ni na ce a ƙara gwaji ɗaya, ba don na hango komai ba, kawai dai muna da wasu matasa uku da aka tanada su karanta littafin kafin a buga. Aka ba su babi biyar na farko da bangon a sama. A babi na 3 ne mai kula da ɗakin kwana take fara shigowa, kuma akwai jimla ɗaya tak, rabin layi, da ke cewa ana jin ƙarar makullanta kafin a gan ta. Biyu daga cikin ukun suka aiko da saƙo tun ba su gama babin ba, "ita ce ko?" Abin da littafin ya ɓoye har babi na 27 ke nan.

Kwana huɗu ana ja-in-ja. Ita ta ce to a cire jimlar makullan daga babi na 3 mana, bangon ya yi kyau da yawa a yar da shi. Na ce in an cire, mai karatu zai zo babi na 27 ya ce an cuce shi, don ƙa'idar labarin bincike ita ce a ba shi duk alamomin da mai binciken ya samu, sai dai a binne su cikin wasu maganganun yadda zai taka ya wuce, in ya gama ya dawo ya ce kai, ashe ga shi nan. Jimlar tana aikinta daidai, bangon ne ya haska mata tocila. Mai dizayin ya kawo tsakiya, wai a rage makullan a bar ɗaya, aka gwada, inuwar yarinyar ta lalace kuma makulli dai makulli ne. Ranar ta biyar ta haƙura, ta tura masa littafin dukkansa.

Mako na 6: komawa cikin littafin

Kwana uku ya karance shi. Sai muka zauna mu uku da takarda, muka rubuta duk wani abu da hannu ke iya taɓawa a labarin, da babin da ya fito, muka yi wa kowanne tambaya uku: ya fito da wuri? yana dawowa? in mutum ya zuba masa ido zai kai shi ga mai laifi? Makullai sau huɗu suka fito kuma sun faɗi a tambaya ta uku. Wasiƙar sai babi na 12 take bayyana. Tocila tana ko'ina amma ba ta nufin komai, haske kawai take bayarwa.

Sai maɓalli. Yarinyar da ta ɓace tana da wata ɗabi'a, duk maɓallin da ya cire daga rigar makaranta da jan zare take mayar da shi, nata ko na ƙawayenta, don shi kaɗai gare ta a akwati. Muka ƙirga, sau 11 abin ya fito, daga shafin farko har na ƙarshe. Abin kunyar ni da kaina na taɓa rubuta mata a gefen takarda cewa maganar maɓallin nan ta yi yawa a rage, Allah ya sa ba ta ji maganata ba. Ita kuma da aka tambaye ta me ya sa ba ta sa shi a jerin farko ba, cewa ta yi, "To maɓalli kuma? Ai ba abin tsoro ba ne."

Mai dizayin ya ajiye kwamfuta ya ɗau fensir, ya ja ƙananan akwatuna guda 20 a takarda ɗaya, kowanne kamar girman kwalin ashana, da gangan, don duk abin da bai fito a wannan girman ba ba zai fito a waya ba. Maɓalli mai huji biyu ya fara zanawa, ya yi kama da soket ɗin wuta. Mai huji huɗu da zare a gicciye, ya zama alamar da malami ke sa wa amsar da ba daidai ba. Ya zana rigar gaba ɗaya da jerin maɓallai, ta koma tallar yunifom. Wajen akwati na 14 ne ya zana huji huɗu, zaren ya bi ta uku ya yi kusurwa uku, na huɗun ya bar shi wayam, sauran zaren ya zubo ƙasa. Ya ce nufinsa su huɗu ne babu ɗaya, shi ke nan.

Marubuciyar ta daɗe tana kallo sannan ta ce, "Malam, ka san me ka zana kuwa? Ukun da zaren ya ɗaure ai su ne suka haɗa baki. Wadda babu zare ba wadda ta ɓace ba ce, mai ba da labarin ce."

Shi ma sai a lokacin ya gani. Wanda bai karanta ba zai ɗauka hujin banzan nan yarinyar da ta ɓace ce, kuma haka ake so ya ɗauka, don haka ita ma mai ba da labarin ta ɗauka har babi 28. Wanda ya gama kuwa hoton bai canza ba amma ma'anarsa ta juye masa. Kuma ko shekara mutum zai yi yana kallon maɓallin ba zai kai shi ga matar makullan ba.

Mako na 7 da na 8: launi da haruffa

Labarin bincike yana da tarihin launi nasa. Kamfanin Penguin na Ingila da ya fara a 1935 kore ya ware wa littattafan laifi da bincike. A Italiya kamfanin Mondadori ya fara fitar da nasa da bango ruwan ɗorawa a 1929, har sunan launin ya zama sunan irin labarin a yarensu. A Faransa kuma Gallimard baƙi ya ɗauka a 1945. Mai dizayin koren ya zaɓa, mai duhu, farin maɓalli a tsakiya, jan zare ya sauko.

A gwaji wani yaro ɗan shekara 15 ya ce shi maɓalli ya gani da ɗan zare a kansa, da aka ce zaren da ya sauko ƙasa fa, ya ce wanne? Ashe yana cikin masu wahalar bambance ja da kore, kuma ba su da kaɗan, kusan namiji ɗaya cikin 12 ne, mata kuwa kusan ɗaya cikin 200. Muka mayar da hoton baƙi da fari, yadda na'urorin karatu marasa launi za su nuna shi, sai ga shi mu ma zaren ya ɓace mana, don jan da koren duhunsu ɗaya ne, launi kawai ya raba su. Aka koma ruwan ɗorawa mai ɗan nauyi, maɓallin fari da baƙin layi mai kauri a kewaye, hujin baƙi, zaren ja. A baƙi da fari ma komai ya tsaya da ƙafarsa.

Haruffa masu ɗigar jini tuni aka sallame su. Ya zaɓi wasu masu kauri marasa ƙawa, sai kuma aka tarar babu ƙ a cikinsu alhali akwai ta a sunan littafin, kwamfuta ta aro ta daga wani salon daban ta dasa, siririya a tsakiyar ƙattai, kamar baƙo a hoton dangi. Da yawan salon haruffa haka suke, babu ɓ, ɗ da ƙ. Ya nemo wani mai su duka, mai lasisin SIL Open Font License da ya yarda a yi kasuwanci da shi, don wasu da ake saukewa kyauta ɗin na amfanin kai ne kawai ba na abin sayarwa ba.

Da aka sake gwajin daƙiƙa biyar da wasu sababbin matasa, kowa ya ga maɓalli, kowa ya karanta sunan, amma uku suka ce littafin koyon ɗinki ne. To fa. Gyara biyu aka yi. Bakin zaren da ke a yanke tsaf aka mayar da shi tsinkakke, da 'yan gashi-gashi, kamar an fizge. Sannan aka sa layi ɗaya ƙarƙashin sunan, daga babin farko aka ɗauko shi: "Mu huɗu muka kwanta. Mu uku muka tashi." Bayan wannan ba wanda ya ƙara ambatar ɗinki a cikin matasan.

Mako na 9 zuwa na 11: madaba'a

Ana can ana fama da bango ni kuma ina nan ina tacewa, aka ƙara wani ɗan babi aka buɗa tazarar layuka, shafi ya tashi daga 264 zuwa 280, kuma ba wanda ya tuna ya gaya wa mai dizayin. Kaurin ƙashin bayan littafi daga yawan shafi ake lissafa shi. A irin takardar da aka zaɓa, mai ruwan madara, inci 0.0025 ne kowane shafi, wato da 0.66 ne yanzu ya zama 0.70. Bambancin milimita ɗaya ne kacal, amma da kwafin gwaji ya zo sunan da ke ƙashin bayan ya karkace gefe, kana gani ka san da matsala.

Ba shi kaɗai ba. Fayil ɗin a RGB aka tura shi, launin fuskar kwamfuta, injin bugu kuwa da tawada huɗu yake aiki, CMYK, sai jan nan mai haske ya fito a dushe kamar tsohon bulo. Zaren kuma an yi shi siriri sosai, kuma ja a wajen bugu haɗin tawada biyu ne, to in suka ɗan goce wa juna ko da ƙanƙani sai ka ga wani rawaya-rawaya a gefen layin, a kan farin maɓallin abin ya fito ƙarara. Sannan dabarar da aka yi ta cewa zaren ya sauko daga gaba, ya ratsa ƙashin baya, ya zagaya bayan littafin ya fice ta gefe, an tsayar da shi daidai bakin layin yanka, da wuƙa ta ɗan kauce sai ya tsaya bai kai baki ba. Shi ya sa ake barin rarar inci 0.125, kusan milimita 3, a kowane gefe, zane ya wuce inda za a yanka. A baya kuma zaren ya bi ta inda bakod ɗin ISBN, lambar shaidar littafi, zai zauna.

Aka sake lissafi: baya 5.5, ƙashi 0.70, gaba 5.5, rara 0.125 sau biyu, jimla inci 11.95 a faɗi da 8.75 a tsawo, a ɗigo 300 ya kama fiksel 3585 da 2625. Aka juya launi zuwa CMYK aka daidaita jan da ido a kan takarda ba a kwamfuta ba, aka ninka kaurin zaren, aka kauce wa wurin bakod da farin akwati inci 2 da 1.2, ƙananan rubutun baya kuma aka yi su da baƙar tawada zalla don kar su yi inuwa. Kwafin gwaji na biyu ya zo bayan kwana tara. Ninkin ya ɗan goce kamar yadda ya saba a kowane bugu, amma da yake launi ɗaya ne ya zagaye littafin gaba da baya, ba a gani. Aka sa laminatin mara ƙyalli.

Mako na 12: fitowa

Littafin ya fita mako shida bayan ranar da ta sa wa kanta. A jerin littattafai a waya ana tsinto shi daga nesa, ruwan ɗorawa a tsakiyar shuɗaye da baƙaƙe. A cikin saƙonnin da suka fara zuwa mata akwai na wata 'yar shekara 14, hoton bangon ta ɗauka ta zagaye hujin da jan biro, ta rubuta "wayyo ashe ITA ce" da alamar kuka kusan goma. Manya masu saya wa 'ya'yansu kuwa har yanzu wasu kan tambaya ko akwai koyon sana'a a ciki.

Abin da na gani

Bangon farko bai faɗi don mai dizayin bai iya ba, an ba shi alamomin nau'in labarin ne a maimakon na wannan labarin, kuma takwas a wuri ɗaya, kowacce tana danne 'yar'uwarta. Na manhajar ma ciwon ɗaya ne, abin da aka fi yawan yi shi take dawo maka da shi. Mako uku na farko a ganina tsoron ba da littafin ne ya ci su, kuma tsoron bai tsare komai ba, tunda taƙaitawar da ta bayar daga baya ita ce ma ta haifi bangon da ya tona asiri. Wanda ya karanta shafi biyu ƙarshen labari ne ya fi tsaya masa a rai, dole alamarsa ta fito daga amsa. Sai da ya bi shafi 264 ɗaya bayan ɗaya sannan ya ga abin da ke ta maimaituwa a hanya.

Maɓallin ya yi aiki don yana da karatu biyu kuma dukkansu gaskiya ne, ga shi siffa ce da ko an matse ta ba ta lalacewa, da'ira da ɗigo huɗu da layi. Amma ba zan ce shi kaɗai ya ɗau nauyin ba. In aka cire layin "mu huɗu muka kwanta" littafin ɗinki ne, mun gani da idonmu, don haka masu cewa alama mai kyau ba ta buƙatar kalma ban yarda da su ba, aƙalla ba a littafin sabuwar marubuciya da ba a san sunanta ba. Har yanzu ma ina ganin layin ya yi ƙanƙanta, a waya ba ya karantuwa sai an buɗe hoton, shi kuma mai dizayin ya dage cewa in aka ƙara masa girma zai yi kokawa da sunan littafin. Ba mu daidaita ba.

Gwajin daƙiƙa biyar kuma yana da iyaka, shi ne fa ya wanke bangon makullai tas. Yana gaya maka ko za a ɗauki littafi, ba ya gaya maka ɓarnar da bangon zai yi bayan an fara karantawa, wannan sai an haɗa bangon da babin farko-farko an ba wanda bai san ƙarshe ba, kuma mu sa'a ce ta sa muka yi, ba tsari ba. Kurakuran madaba'a kuwa na rashin magana ne, nawa ne ma babba, ni na ƙara shafi 16 na yi shiru.

In aka jera su huɗun yau aka ce wanne ya fi kyau a ido, na makullan zan nuna, ita ma haka, shi ma haka. Ya buga shi babba ya manna a saman teburin aikinsa, babu sunan littafi a jiki, kuma duk wanda ya shigo sai ya tambaye shi na wane littafi ne, shi kuma ya ce ba na kowa ba.